Rishon gas ya ƙone matata, wa zan kai ƙara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Tahoua. Kafin azumi na sayi sabon rishon gas mai kilo 6 a wurin wani ɗan kasuwa da muka yi makarantar allo tare, wanda mahaifinsa ma aminin mahaifina ne. Kwana 9 da sayensa, kan tukunyar ya yi yoyo, wuta ta tashi ta ƙone hannuwan matata duka biyu. Shi ya ce daga Konni ya saro, na Konni kuma ya ce daga Kano aka kawo masa. Shin kamfanin da ya ƙera zan nema, kuma ana iya ɗaure wani a kan wannan?

Amsa ta 1: Allah ya ba ta lafiya. Ni ma batirin sola ya taɓa fashe mini, kuma har yau ban ga ko dala ba.

Amsa ta 2: Ƙanena, na daɗe ina shiga kotu, saboda haka ka saurare ni. Hanya biyu ce. Sashe na 1641 da na 1643 na kundin dokar farar hula ta Nijar sun ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi ko da bai san da shi ba, sashe na 1382 kuma ya wajabta diyya a kan wanda laifinsa ya jawo cuta. Ɗauri kuwa sai an tabbatar da sakaci da ya jawo rauni, misali an san kayan na yoyo aka ci gaba da sayarwa. Ka karɓi takardar likita, ka kai wa mai gabatar da ƙara. Ina rishon yake?

Mai tambaya: Na mayar masa, ya ba ni wani, ya kuma ƙara da jaka 50 na magani.

Amsa ta 2: Ka miƙa shaidarka da hannunka. Da me za a gwada cewa aibin daga masana'anta yake?

Amsa ta 3: Malam, kada ka biye wa kotu. Kamfanin da ba ka san ƙasar da yake ba, wa zai kawo maka shi Tahoua? Ku je gaban mai unguwa a sasanta.

Mai tambaya: Alhaji, ba sakarci ne ya sa na mayar ba. Matata na kwance, ba ni da kuɗin allura, kuma ba zan iya kai ɗan aminin mahaifina jandarma ba. Kamfanin nake tambaya a kai.

Amsa ta 2: Kamfanin ma ta kan abokin naka za a bi.