Wace kalma za mu ba "spawning" na kifin teku?

1/ Jama'a, masu fassara labarai a zangunan Ghana suna fama da wannan kalma duk lokacin da gwamnati ta rufe kamun kifi a teku. A 2019 an hana masu kwalekwale fita daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, a 2021 aka mayar da hutun watan Yuli. Manufar ita ce a bar kifin sardinela, wanda ake kira amane a kasuwannin Accra, ya yi abin da ake kira spawning da Turanci, wato yadda kifi ke fitar da ƙwansa don ya hayayyafa. To mu me za mu ce?

2/ Kalmar "haihuwa" ba ta shiga ba. Ƙyanƙyasa kuma sai daga baya. Wani dattijo a nan ya ce "saka ƙwai". Baba, a yi haƙuri, wannan aikin kaza ne, ta saka ta kwanta a kai. Macen amane ba ta da sheƙa. Cikin ruwa take sakin ƙwai, namiji ya saki maniyyinsa a wurin, su haɗu, ƙwan ya yi ta yawo a sama-sama, kowanne kusan milimita 1.

3/ Ni "zubin ƙwai" na zaɓa. A feɗe mace a lokacinta, za a ga jaka biyu dogaye shaƙe da ƙwai dubun dubata, wasu sun nuna, wasu da saura. Ba ta juye su rana ɗaya. Kashi-kashi take fitarwa, kamar zubin adashi.

4/ Lokacin kuwa "kakar zubin ƙwai". A gaɓar Tema da Elmina, daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi yake tasowa daga ƙasan teku da sinadaran da ke ciyar da ƙananan halittun ruwa, 'ya'yan kifi su fito su tarar da abinci. Akwai ƙaramar kaka wajen Janairu.

5/ Ita kuwa kalmar Turanci fecundity, fassararta ba ta buƙatar wahala, "yawan ƙwai" ya wadatar. Babbar mace ta fi ƙarama ƙwai nesa ba kusa ba, shi ya sa kama ta kafin ta zuba asara ce babba.

6/ Wata 'yar'uwa ta ja hankalina cewa masu kiwon tarwaɗa suna cewa sun zuba kifi a tafki. Gaskiyarki, Hajiya. Kada a rubuta "zubin kifi", a riƙa haɗa kalmar da ƙwai ko da a kanun labari ne.