"Ikona": Me Za Mu Ce Da Hausa?

1/ Jama'a, ku kawo agaji. Ina rubuta wa ƙanwata labarin ziyarar da na kai gidan adana zane-zane na Tretyakov a Mosko, sai na cije a kan kalma ɗaya. Rashawa na cewa ikona. Na rubuta mata haka, ta maido min da amsa: "Yaya, ikonka a kan wa?" Ta yi gaskiya, a Hausa ikona mulkina ne.

2/ Ga abin da ake nufi. Katako ne ake fafewa, a shafe shi da farar ƙasa da manne, a goge ya yi sumul, sannan a zana Annabi Isa ko Maryama ko wani tsarkakakke da launin da aka kwaɓa da gwaiduwar ƙwai. Filin da ke kewaye da zanen sau da yawa zinariya ce da aka buge ta yi siririya kamar ɓawon albasa.

3/ Gidan kansa na wani attajiri ne, Pavel Tretyakov. Ya fara sayen zane a 1856, ya ba birnin Mosko tarin nasa kyauta a 1892. A harabar akwai cocin Nikola, inda a lokacin ziyarata aka ajiye ikonar da ake kira Maryamar Vladimir, wadda aka kawo daga Kustantiniya (Istanbul ta yau) a ƙarni na 12. Tana cikin gilashi, jaririn, Annabi Isa, ya manna kumatunsa a na Maryama. Ni ina ta neman inda zan tsaya in ga fuskar da kyau, wata tsohuwa mai ɗankwali kuwa ta zo ta tsaya tana motsa leɓe. Ni kallo ya kawo ni, ita ibada.

4/ Wani ya ce "gunki". A'a, Malam. Gunki sassaƙa ne mai jiki, wannan kuwa shafaffe ne, kuma masu abin sun ce girmamawa suke yi, ba bauta ba. In ka ce gunki ka riga ka yanke musu hukunci tun kafin ka bayyana abin.

5/ "Hoto" ya yi faɗi, har na fasfo hoto ne. "Aikon" kuma ya riga ya tare a wayoyinmu.

6/ Wata malama daga Zariya ta tuna min allon zayyana na sauka. Nan ne na tsaya. Katako ne, ado ne, mai tsarki ne a wurin mai shi. Su ma Rashawa "rubuta" ikona suke cewa, kamar yadda muke rubuta allo.

7/ Sai dai wani dattijo ya ja kunnena: allo a kunnen Bahaushe na karatun Alƙur'ani ne, kada a cakuɗa. Ranka ya daɗe, na ji. Amma muna da allon makarantar boko da allon talla, ba wanda ya rikice. Kalma ta biyu ce ke rarrabewa.

8/ Wani ɗan'uwa daga Jos ya ce a cocinsu "tsarkaka" suke cewa. To, na ɗauki allon tsarkaka, jam'i allunan tsarkaka. Na gwada shi: "Andrei Rublev ya zana allon tsarkaka na mala'iku uku, baƙin Annabi Ibrahim, a ƙarni na 15." Ya zauna a baki. Wancan allon ma ya bar Tretyakov a 2023, an miƙa wa coci.

Na tura wa ƙanwata. Ta ce ta gane, amma yanzu tana son sanin ko gwaiduwar ba ta wari.