Gyaran tsohon gida, tagogi duk ƙarfe kuma matakala ɗaya, ta ina za a fita in gobara ta tashi?

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin harkar gini ina neman shawara. Mun sayi wani tsohon gida bene hawa ɗaya muna gyarawa kafin mu shiga. Ɗakunan kwana uku duk a sama suke, matakala guda ɗaya ce kuma ta sauko ne dab da ƙofar kicin, tagogin sama ƙanana ne an yi musu ƙarfe an binne shi cikin bango ko motsi baya yi. Mai aikin yace mu bar su haka a yi fenti kawai, wai tunda tsohon gini ne dokar yanzu bata hau kansa ba. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya wallahi, in wuta ta kama a kicin da dare ta ina yara zasu bi? Akwai wani ma'auni da ake bi ne ko kowa yadda ya ga dama yake yi?

Injiniya Abu Safwan:
Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar mai aikinki rabi gaskiya ce. A wurare da yawa ba a tilasta ma tsohon gida ya bi sabuwar doka in dai ba a taɓa shi ba, amma da zarar kin canza taga ko kin maida sito ɗakin kwana ko kin ƙara hawa, toh wannan ɓangaren dole ya bi ƙa'idar yau. Kuma ko doka ta ƙyale ki ai hayaƙi bazai ƙyale ki ba.

Ƙa'idar ita ce kowane ɗakin kwana ya zama yana da mafita biyu, ƙofa da kuma taga wadda babban mutum zai iya fita ta ciki. Ma'aunin ya danganta da ƙasa. A Amurka misali ana so ramin tagar in an buɗe ta ya kai murabba'in mita 0.53, faɗi kar ya gaza santimita 51, tsawo kar ya gaza 61, sannan daga daɓen ɗaki zuwa bakin tagar kar ya wuce santimita 112. A nan ne mutane ke ruɗewa, sai su yanka 51 da 61 cif su ce sun cika, alhali in kin lissafa 0.31 kawai ya bada, dole ɗaya daga ciki ya fi haka sosai. A Ingila 0.33 ne, kowane gefe aƙalla santimita 45, bakin taga kar ya wuce 110. Kuma ramin da ke buɗewa ake aunawa fa, ba firam ba, taga mai zugewa rabinta kawai ke buɗewa. Ki je ofishin da ke bada izinin gini a inda kike ko wajen 'yan kwana-kwana su faɗa miki nasu kafin birkila ya yi filasta, fasa bango yanzu ya fi sauƙi.

Baban Yara:
Injiniya duk naji bayaninka amma gaskiya maganar cire ƙarfen taga ni ban yarda ba, ɓarayi fa? Mutum ya gudu ma wuta ya buɗe ma ɓarawo hanya kenan.

Injiniya Abu Safwan:
Ɗan'uwa ban ce a cire ba. Mai walda zai yanke na taga ɗaya a kowane ɗaki ya maida shi mai buɗewa kamar ƙofa, da sakata daga ciki inda hannun na waje bazai kai ba. Abinda bana so shi ne kwaɗo, don a cikin duhu da hayaƙi ido na hawaye kana tari ba wanda zai tsaya laluben makulli, balle yaro ɗan shekara bakwai. Haka ƙofar fita ta ƙasa, kar a sa mata makullin da sai da ɗan makulli ake buɗe shi daga ciki, a sa mai murɗawa da hannu.

Mai Wayarin:
Hajiya ni ta ɓangarena zan yi magana. In silin a buɗe yake yanzu ki sa a duba wayarin gaba ɗaya kar a rufe a kan tsohuwar waya. Na sha buɗe silin tsofaffin gidaje in taɓa waya robar jikinta ta marmashe a hannuna ta bar jan ƙarfe tsirara a kan busasshen katako, ga joyin an murɗa da hannu an naɗe da tef ba ko akwati, kuma gidan an yi shi ne lokacin da kayan wuta basu wuce ƙwai da fanka da rediyo ba yanzu za a ɗora masa hita da ESi da firiza. A canza tsohon fis a sa bireka mai katse wuta da kanta in an samu matsala, a tabbatar akwai wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa.

Sai ƙararrawar hayaƙi, wannan kam kar ki yi wasa da ita don yawancin masu rasuwa a gobara hayaƙi ne ke kashe su tun wutar bata iso ba, mai barci kuma wari baya tada shi. A sa a kowane ɗakin kwana da saman matakala da ƙasa, a haɗa su da waya yadda in ta ƙasa ta yi ƙara duka su ɗauka. A cikin kicin mai jin zafi ake sawa, in aka sa ta hayaƙi kullum tana ihu har a gaji a cire batirin. Ana gwada su duk wata, bayan shekara 10 a canza.

Maman Ihsan:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Toh matakalar fa Injiniya? Ita ce ta fi damuna kuma ba halin ɗauke kicin daga wajen.

Injiniya Abu Safwan:
Ba sai kin ɗauke ba Hajiya, raba su zaki yi. In da niyyar fasa bangon kicin a haɗe shi da falo irin na yayi toh a gidanki kar a yi, bangon nan shi ne ke tare miki hayaƙi. A sa ma kicin ƙofa mai jure wuta ta minti 30 da abin da ke maida ta rufe da kanta, a toshe duk ramin da fayif ko waya ta bi ta bango da silin, kuma ƙarƙashin matakala kar a maida shi wajen ajiye tukunyar gas ko fenti ko kwalaye. Da dare kowa ya rufe ƙofar ɗakinsa. Ki duba kuma wace tagar sama ce ke kallon baranda ko rufin gareji, ita za a fara faɗaɗawa don ta nan yara zasu iya taka wani abu su sauka, kuma ki gwada su da rana kowa ya buɗe sakatar da hannunsa ki gani.