Wa zai yi magana da yawun masu fasahar zamani a Garwa?

Nasiru: Salamu alaikum jama'a. Tunda an ce ranar Asabar za mu zauna a kan dokokin ƙungiyar masu fasahar zamani ta Garwa kafin a kai takarda ofishin perfe, wato wakilin gwamnati a sashenmu, bari in faɗi nawa tun yanzu, kada a ce na yi shiru a zaure na koma ina magana a lungu. A ganina ƙungiyar nan a bar ta ga masu ƙirƙira: masu rubuta manhaja, masu gina shafukan intanet, masu haɗa kwamfutocin ofisoshi. Masu gyaran waya da masu rumfar aika kuɗi su kafa tasu. Ba raini ba ne wallahi. Sana'a ce daban. Mai sayar da zuwa-zuwa, wato fetur, a kwalba ai ba injiniyan mota ba ne. Kuma idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Sale: Tab. Yau akwai kallo.

Malam Habu: Wa'alaikumus salam. Nasiru ƙanena, na karanta sau biyu don in tabbata ni ne mai kwalbar. Tun zamanin Nokia mai tocila nake buɗe cikin waya a babbar kasuwa. Yau idan aka kawo mini wadda ta daina cin caji, sai in duba taswirar allonta, wadda da Turanci aka rubuta, in bi layin wuta da mita har in gano ɗan abin da ya ƙone, wanda bai kai ƙwayar gero ba, in cire shi da iska mai zafi in dasa wani. Yara shida na yaye, biyu suna da shagonsu a Gidar. In wannan ba fasaha ba ce, gaya mini sunanta. Sannan manhajar da kake rubutawa, a kan me take hawa? Ba a kan wayar da na tayar daga suma ba?

Nasiru: Yaya Habu, ku yi haƙuri, misalin kwalbar ya yi kaifi, na janye shi. Amma maganar tana nan. Ku dubi Buea, a kudu maso yammacin Kamaru, da ake wa laƙabi da Silicon Mountain. Abin da ya sa ake jin sunan Silicon Mountain har ƙasashen waje shi ne masu rubuta manhaja sun haɗa kansu a cibiyoyin fasaha irin su ActivSpaces, murya ɗaya, buƙata ɗaya. Da aka yanke intanet a yankunan masu Turanci a Janairun 2017, wata uku cur har zuwa Afrilu, su ne suka tayar da ƙura, irin su Rebecca Enonchong, 'yar kasuwar fasaha, har duniya ta ji. Wasunsu kullum sai sun yi tafiya zuwa gefen Duwala kafin su aika wa abokan cinikinsu aiki. Mu a nan wa ya san da mu? Cibiyar ƙirƙira ta gwamnati a Yawunde aka gina ta. Duk taron da za a yi, Duwala ko Yawunde. In aka tuna da Arewa sai a gayyaci mutum ɗaya ya cika hoto.

Abin da nake so a nema mana: yadda za a biya ni daga waje ba tare da rabin kuɗin ya narke a hanya ba, da kuma idan ma'aikata a Garwa tana son manhaja a daina ɗauko kamfani daga Duwala alhali muna nan. Wannan ba damuwar mai gyaran waya ba ce, kuma ba laifinsa ba ne.

Hajiya Ladi: Ɗana Nasiru, ni ban taɓa zuwa Buea ba, amma rumfa huɗu gare ni, daga Yelwa zuwa Rumde Aja, 'yan mata bakwai ke ci a ciki. Bari in tambaye ka. Da aka kawo harajin 0.2% a kan aika kuɗi da cirewa a Janairun 2022, wa ya sha zagi? A lokacin, a sefa 100,000 ana cire 200. Ba yawa, ko? To je ka gaya wa mai shanu wanda ya ƙirga kuɗinsa ya ga babu cika. Ba a kai ƙara Yawunde ba, a kan yarinyata aka sauke, wai ta yi sata. Mu muka yi ta bayani da Fulatanci da Hausa har mutane suka gane.

Kuma waɗannan 'yan damfara masu kiran tsofaffi su ce an yi kuskuren turo musu kuɗi, a mayar, ko su ce a faɗi lambar sirri. Wa ke tare su? Ni na san tsohuwar da ta zo da waya a kunne, hannu na rawa, za ta tura kuɗin cefanen wata guda, yarinyata ta karɓe wayar ta kashe. Kai kana ce masa tsaron intanet a takarda. Mu kullum muke yin sa a rana.

Sale: Hajiya ta gama magana. A tashi.

Zainabu: Ba a gama ba, Yaya Sale. Ni ɗaliba ce a makarantar injiniyoyi ta Marwa, hutu ya kawo ni gida, kuma akwai inda nake bayan Yaya Nasiru. Idan ƙuri'a kai-da-kai za a yi, masu gyara da masu rumfa sun ninka masu manhaja ban san sau nawa ba. Shekara ɗaya ƙungiyar za ta koma ta rigimar kuɗin haya a kasuwa da tikitin ma'aikatan birni. Abu ne mai muhimmanci, amma ba shi zai hana 'yan ajinmu tafiya ba. Jami'ar Ngaundere tun 1993 take, ta Marwa 2008, ta Garwa 2022. Ana yaye mutane. Ina suke? Duk wanda ya iya abu sai ya hau jirgin ƙasan dare daga Ngaundere, sai dai a gan shi da salla.

Inda na rabu da shi: mu masu karatun muna gina abin da ba a amfani da shi. Aikinmu na bara manhaja ce ta manoman auduga, mu huɗu, duk da Faransanci, da wurin rubuta suna da kalmar sirri. Muka kai ƙauye gwaji. Dattijon farko da muka ba ya juya wayar ya miƙo mana, ya ce ina wurin da ake danna a yi magana? Saƙon murya kawai ya sani, kuma da Fulatanci. Da mun zauna wuni ɗaya a rumfar Mama Hajiya kafin mu fara, da ba mu ɓata wata huɗu ba.

Nasiru: To ai kin faɗi abin da nake faɗi, ƙanwata. Mu je wurinsu neman shawara, su zo wurinmu. Ba sai mun shiga riga ɗaya ba.

Malam Habu: Wato mu ba da shawara, ku ku hau jirgi. Na gane.

Isa Kuseri: Ku ba ni dama, ni da nake kwana a Kuseri in wuni a Njamena. Daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 an toshe WhatsApp da Facebook a Cadi, wata 16. Akwai masu ilimi a can, akwai cibiyar fasaha ta WenakLabs, sun yi magana, ban hana musu ba. Amma talaka da yake son jin muryar ɗansa da ke Libiya ko Sudan, wurin wa ya je? Kasuwa, wurin mai gyaran waya, a saka masa VPN, manhajar tsallake toshewa, a nuna masa inda zai taɓa. Da idona na ga layi. Ranar da abu ya ɓaci, mutanen da Nasiru yake so a bari a waje su ne ƙofar gari.

Wani abu kuma. Cadi ta ba Starlink, kamfanin intanet ta tauraron ɗan adam, lasisi a Nuwamban 2024. A Kamaru kuwa a Afrilun 2024 aka ba kwastan umarnin kama na'urorinsa. Gada ɗaya ce tsakaninmu a Ngeli, doka biyu. Ban ce wane ya yi daidai ba, kowace gwamnati da dalilinta. Amma an tambayi wani a Garwa ko Marwa kafin a yanke? Mu ne a ƙarshen igiya. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a Duwala da Limbe da Kribi suke fitowa, sai sun ratso ƙasar gaba ɗaya kafin su iso mu, ko'ina mai gyaran hanya ya sa katafila ya tsinke, mu ne a duhu. Mutum ashirin masu kwamfuta ba za su sa a saurare su a kan wannan ba. Mutum dubu za su iya.

Hajiya Ladi: Ga shaida ma. Afrilun 2023, da mutane suka gaji da tsadar data da rashin kyan layi, aka ce kowa ya sa wayarsa a yanayin jirgin sama daga sha biyu zuwa biyu na rana. Ba digiri aka tambaya ba. Ni da kaina na rufe ciniki awa biyu, asara ce, na yi. Cikin 'yan kwanaki ministar sadarwa Minette Libom Li Likeng ta kira shugabannin kamfanonin. Yawa ne ya yi wannan, ɗana.

Nasiru: Mama, yawa yana sa a kira taro. Amma in an shiga ɗakin taron, sai an sami wanda ya san bambancin abin da kamfani ya yi alkawari a takardar lasisinsa da abin da yake bayarwa, ya kuma faɗe shi da Faransancin da ba za a yi masa dariya ba. Wannan gaskiya ce ko da ɗaci.

Malam Habu: Faransanci yare ne, ba hankali ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka fassara mini, ni in faɗa.

Kuma duk kun manta babban abu: wuta. Ni ƙarfen narka dalma ba ya aiki da addu'a, kai ma kwamfutarka haka. Madatsar Lagdo tun 1982, megawat 72 in ruwa ya cika. In Binuwai ta ja baya da rani kowa ya san abin da ke biyowa, kuma layin wutarmu na Arewa daban yake da na Kudu, ba mai aro mana. Hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar, megawat 30, ya rage zafi, ban musa ba. Amma a watan Afrilu, zafi ya haura 40, fanka ta tsaya, ni da kai gumi ɗaya muke yi. A kan wannan kaɗai ma ya isa mu zauna inuwa ɗaya.

Baba Alhaji: 'Ya'yana, na bar ku kun yi, don gara a yi ta a nan da a yi ta gaban baƙi. Ni na yi ritaya daga gidan waya tun kafin a haifi wasunku, lokacin da mai son kiran Yawunde sai ya zo ya zauna a benci ya jira.

Dokar ƙungiyoyi ta Disamban 1990 ba ta ce sai mai digiri ba. Takarda ce, da dokokinku, da sunayen shugabanni, a kai wa perfe. Abin da kuka rubuta a ciki shi zai ɗaure ku. To ku dubi majalisar yanki da aka fara zaɓa a Disamban 2020: kujera 90, 70 na wakilan sassa, 20 na sarakuna, kowane ɓangare shi ke zaɓen nasa. Ban ce tana aiki yadda ake so ba, wannan hira ce ta wata rana. Dabarar nake nuna muku. Ku yi rukuni uku, masu manhaja, masu gyara, masu rumfa, kowanne ya zaɓi mutum uku. Tsoron Zainabu ya kau, ba wanda zai danne wani da yawa. Zuwa gaban magajin gari kuma, mutum biyu, ba ɗaya ba.

Nasiru: Baba, na ji, kuma ya fi abin da ake kai da farko. Amma shugaba fa? Mutum tara ba sa sa hannu a takarda ɗaya. In karɓa-karɓa ne, shekarar da ta faɗo kan wanda ba ya karanta wasiƙar da aka aiko, sakatare ne zai zama shugaba a ɓoye. Ban yarda da wannan ba tukuna.

Hajiya Ladi: Shugabanci ku je ku yi ta yi. Ni ma'aji nake tambaya. Kuɗin wata-wata daga rumfuna zai fi fitowa, kowa ya sani, don mu ne kuɗi ke bi ta hannunmu kullum. Ba zan tara ba wani ya je otal a Duwala da sunan wakilci. Kuma taron nan kada a sa shi bayan magariba, 'yan matana ba za su fito ba.

Sale: Ni dai tambaya gare ni, tunda kowa ya sami rukuninsa. Ni cajin waya nake yi da faranti biyu na hasken rana, ina tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi a memori, ina buɗe wa tsofaffi WhatsApp. Wane rukuni ne nawa?

Malam Habu: A'a Sale, kai kuma ai naka daban ne. Turi da caji ba gyara ba ne, yaro ɗan shekara goma ma yana yi.

Sale: Allahu akbar. Malam, ashe kuna da taku kwalbar a aljihu.

Zainabu: Yaya Nasiru, kada ka yi dariya, kai ka fara.

Nasiru: Ban ce komai ba.

Malam Habu: Ba haka nake nufi ba. Ina nufin sai an sa iyaka a wani wuri, in ba haka ba gobe mai sayar da robar bayan waya ma zai ce a ba shi kujera.

Isa Kuseri: Malam, wannan jimlar ku hau sama ku duba, da ita aka buɗe zancen.

Sale: To ni Asabar in zo ko kada in zo?

Baba Alhaji: Ƙarfe huɗu, bayan la'asar, a zaurena. Zo, kuma ka taho da benci biyu, kujerun gidan ba za su isa ba.