Ina so in cire sifirin mai falle a bayan Hilux in sa hannaye huɗu, ta ina zan fara awo?

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyayen gida. Walda nake yi a Kano. Wani kwastoma ya kawo mini tsohuwar Hilux, ya ce tsallen bayanta ya ishe shi a hanyar gona, yana so a cire sifirin mai falle a sa na naɗi da hannaye huɗu, wato sandunan ƙarfe masu riƙe aksul a jikin shasi, irin na Prado. Tayarsa inci 31 ce. Walda ba ta gagare ni ba, awon ne matsalar. Wane tsawo zan ba hannayen sama da na ƙasa? A ina zan kafa kunnuwansu, wato ƙarafan da ake ɗaure su a kai, a jikin shasi? Sai na sa sandar nan ta gicciye mai hana aksul gocewa gefe ko hannayen kaɗai sun isa?

Bakanike daga Panteka, Kaduna: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin awo, me motar take ɗauka? In buhunan masara da taki ne, ka ba shi haƙuri. Sifirin mai falle yana raba nauyi wuri biyu a kowane gefen shasi, kuma shi ke riƙe aksul gaba da baya da gefe. Na naɗi wuri ɗaya yake tara nauyin, kuma ba ya riƙe komai sai hannayen sun riƙe. Kana gani Toyota ta sa wa Land Cruiser 79 na naɗi a gaba, amma bayan ta bar shi da falle, saboda motar kaya ce. Sau da yawa tsallen daga mataccen shoka ne, ko an cusa ƙarin falle.

Mai tambaya: Oga na gode. Ya ce kayan yana da wata motar, wannan shi da yaransa ne da jarkoki.

Injiniya: To tunda haka ne, Malam, ɗauki tef da alli. Duk awon da za ka yi, ka yi shi motar tana tsayin da za ta riƙa tafiya, da mai a tanki da nauyin da ta saba ɗauka, a kan daɓe mai daidai. Wanda ya yi awo mota tana lilo a kan jak ya ɓata aikin tun daga nan.

Hannayen ƙasa ka ba su tsawo gwargwadon wurin da ka samu, su kwanta kusan daidai da ƙasa, ko bakinsu na gaba ya ɗan ɗaga kaɗan. In suka yi gajere kuma bakinsu na gaba ya ɗaga da yawa, duk lokacin da bodi ya karkata a kwana gefe ɗaya na aksul zai ja gaba ɗayan ya koma baya, bayan motar ya riƙa murɗa kansa. Na sama masu wannan sana'a sun fi yin su kamar kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na tsawon na ƙasa. A jikin aksul, tazarar da ke tsakanin kunnen sama da na ƙasa ta kai kusan kwatan tsayin taya, wato wajen inci 8 a taka. In tazarar ta yi kaɗan, ƙarfin murɗawar aksul zai riƙa cin bushi yana yage kunnuwa.

Sai babban awon. Ka zana motar ta gefe a bango ko a daɓe. Ja layi bisa hannun sama, ja wani bisa na ƙasa, ka miƙa su gaba har su haɗu. In suka haɗu kusa kuma a sama, da an taka totur bayan motar zai ɗaga, taya ta riƙa dukan ƙasa a cikin yashi. In suka haɗu can nesa a ƙasa, bayan zai durƙusa. Tsaka-tsaki ake nema, shi ya sa nake huda ramuka uku a kunnen sama na jikin shasi, in an gwada ba ta yi ba a matsar da noti kawai.

Maganar sandar gicciye, wato Panhard: in hannayen nan huɗu a miƙe suke bisa tsawon shasi, dole ce. Ka yi ta doguwa, a kwance daidai. Mai tsawon mita 1, in aksul ya motsa santimita 15, kusan santimita 1 kawai zai goce gefe, gajera kuwa ta fi haka nesa. In ba ka son ta, sai hannayen sama su yi siffar V, kusurwar tsakaninsu ta kai digiri 40 ko fiye, sai dai tankin mai da salansa za su iya tare maka hanya.

Mai sayar da kayan gyara, Kofar Ruwa: Injiniya ya gama magana, amma ni shawarata kada ka ƙirƙiro abin da Japanawa suka riga suka auna. Fortuner da Prado da Land Cruiser 80 duk hannaye huɗu ne da Panhard. Ka samu wadda aka kwance ka auna kunnuwanta, ko ka sayi hannayen da bushinsu gaba ɗaya. Gobe in bushi ya mutu a ƙauye, kwastoma zai samu a kasuwa.

Bakanike daga Panteka: Har yanzu ni ban so aikin ba, amma in za ka yi, kada ka yi hannayen da bututun ruwa, ka nemi mai kauri marar ɗinki. Waldar jikin aksul kaɗan-kaɗan, kana bari yana hucewa, in ba haka ba zai lanƙwashe ya riƙa cin boris. Bakin aksul inda furofela ke shiga ya dace da kusurwar bakin giya, in sun saɓa za ka ji kaɗawa kuma kuros ba zai daɗe ba. Akwai kuma bawul ɗin birkin baya da ke da sanda zuwa aksul, in tsayi ya canza sai an sake saita shi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Zan ɗiga waldar kawai tukuna, in cire sifirin in ɗaga aksul sama da ƙasa da jak in ga inda zai taɓa. Injiniya, in na zana zan turo maka hoton ka duba mini inda layukan suka haɗu.

Injiniya: Turo, ka rubuta tazarar tayar gaba da ta baya a jiki.