Wa ya taɓa kai yara wajen masu sana'ar hannu? Ku ba mu labari

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ba da hutu, yarana kuwa daga katun sai wayar babansu. Ina so mu fita da su su ga sana'o'inmu na gargajiya, amma ina gudun a ƙona kuɗin mota a je su yi ta hamma. Waɗanda suka taɓa gwadawa, ina kuka je, kuma yaya yaran suka yi?

Baban Yara, Kano:
Wa alaikumus salam. Mu karofin Ƙofar Mata muka je, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa. Warin ramukan ne ya fara tarbarmu, ƙaramar ta toshe hanci tana cewa a koma gida. Wani dattijo marini ne ya gyara tafiyar. Ya kira babban ya ce, "Zo nan jikana, kama gefen nan." Suka tsoma farin ƙyalle tare, aka ɗago shi kore-kore, yana shan iska yana rikiɗewa zuwa shuɗi a gaban idonsa. Yaro ya buɗe baki. Dattijon ya ce ba komai a ramin sai baba da toka da katsi da aka bari suka tsima, kuma yawan tsomawa da ɗagawa shi ke sa launin ya kama. Adon da ke jikin zannuwan kuwa mata ne ke ƙulla shi da zare a gida kafin a kawo rini, sai an kwance yake bayyana.

Daga nan muka leƙa wajen masu bugu, wato masu buga rinannen ƙyalle don ya yi ƙyalli, da ƙyar na raba su da wurin saboda daɗin sautin. Ku dai sa musu tsofaffin kaya, ku riƙe hannun ƙanana, don ramukan suna da zurfi. Mun biya gidan tarihi na Gidan Makama a hanyar dawowa, amma can an ce kada a taɓa komai, sai suka fara tambayar yaushe za a ci abinci.

Malamar Firamare:
Anti, ba sai kin je nesa ba. Mu kakarsu ce ta zo mana kwana biyu, ta sa aka sayo ƙwarya, ta cika baho da ruwa ta kife ta a kai, ta ba kowa ludayi. Gidan ya rikice da kiɗa har maƙwabta suka aiko nasu yaran. Washegari ta zaunar da matan saƙar faifai. Na farkon ya fito a karkace kamar an zauna a kai, amma har yau da shi 'yata take rufe kwanonta, ba ta yarda kowa ya taɓa.

Kawun Yara:
Ni kara kawai na ɗauko daga gona bayan girbi. Mota, gilashin ido, har da gado mun yi. Reza kuwa tana hannuna, ban ba kowa ba.

Uwargida, Zariya:
Ni fa tawa ba ta yi daɗi duka ba. Da azumi yaran suka ce za su yi tashe bayan goma ga wata, na yi wa babban cikinsu gemun auduga, na cusa masa tsumma a ciki, suka zagaya gidajen dangi. Surukata ta ji labari ta kira ni, ta ce ina koya wa jikokinta roƙo. Na ce, "Hajiya, ai ku ma kun yi." Ta ce zamani ba ɗaya ba ne. Bana a tsakar gida kawai suka yi, mu muka zama 'yan kallo, mu muka ba da kuɗin.

Baban Yara, Kano:
Uwargida, ki yi haƙuri da Hajiya, fitar dare yanzu abin dubawa ne. Ni ma da nawa ya ce rini zai koya, yayata cewa ta yi a danginmu ba marini. Abin mamaki, ita ce ta fi kowa son zanen da muka sayo.

Ɗan Damagaram:
A nan Zinder wajen dukawa na kai ƙannena. Sun ga yadda ake jeme fatar akuya da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Badukun ya tara musu guntayen fata da bai buƙata, ya huda musu da basilla, kowa ya ɗinka 'yar jakar kuɗi. In za ku je, ku sayi wani abu kafin ku tafi. Mutum ya ajiye aikinsa saboda ku, bai kamata a sallame shi da "mun gode" kawai ba.

Mazauniyar Abuja:
Kafin mu je Ushafa wajen masu ginin tukwane, na ciro naira 20 na nuna musu Ladi Kwali a bayanta, na ce Bagwariya ce, tukunya ce ta kai ta har Ingila. Ba su yarda ba sai da suka ga mace ta mulmula yumɓu da hannu ya zama tulu. Nasu dai ya tsage kafin mu iso gida, aka yi kuka a mota.

Ɗan Zangon Kumasi:
Mu a Gana Ntonso muke kai su, garin masu adinkra, wato zanen da ake buga wa alamomi. Hatimin da ake buga zanen da shi da ƙwarya ake sassaƙa shi, yaro ya zaɓi alama ya buga a ƙyallensa da kansa. Ba namu ba ne, na Asante ne, amma abokan karatunsu ke nan, gara su sani.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da ƙwaryar Malama zan fara, tunda baho muna da shi. Baban Yara, da safe ya fi a je karofin ko da yamma? Kuma 'yan shekara huɗu za su iya, ko in bar su wajen kakarsu in tafi da manyan?