Masu “ɗauki yanzu, biya daga baya” sun zo shagona: in karɓa ko in haƙura?

Ɗan Farm Centre:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon waya a Farm Centre, nan Kano, shekara tara ke nan. Da tebur na fara, caja da batir da murfin waya, yanzu alhamdulillahi ni da yara biyu ne a shagon.

Ranar Talata wani saurayi da wata yarinya suka shigo sanye da riga mai tambarin kamfani, suka ce maigidan suke nema. Tsarin nasu kamar yadda suka zayyana mini: mutum ya zaɓi wayar da yake so, ya ajiye kafin alƙalami kashi 30 cikin ɗari, a karɓi BVN da NIN ɗinsa, a ɗauki hotonsa da lambobin mutum biyu da suka san shi. In manhajarsu ta amince da shi, ya tafi da waya a ranar, kamfani ya turo mini cikon kuɗina, shi kuma ya riƙa biyansu wata-wata, uku ko shida. In ya yi jinkiri wayar ta kulle kanta sai ya biya. Ni abin da ake so a wurina, in ba ejan ɗinsu kujera a shago, su cire kashi 4 cikin ɗari, kuɗina kuma wai zai shigo cikin kwana biyu.

Maganar gaskiya abin ya shiga raina. Tun da aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta a watan Yunin 2023 ciniki bai koma yadda yake ba. Masu tayawa na nan, masu biya ne suka ragu. Akwai wani malamin firamare, sau uku yana zuwa a kan Tecno guda ɗaya. Zai karɓi kwalin ya juya shi, ya karanta bayansa kamar bai taɓa gani ba, ya tambayi kuɗin da ya riga ya sani, sannan ya ce “to Alhaji, bari a yi albashi.” An yi albashi sau biyu ban gan shi da kuɗi ba. Ga maƙwabcina da ya karɓi irin wannan tsari, da yamma sai ka ga mutane a tsaye a ƙofarsa ana ɗaukar su hoto.

Amma da na zauna da kalkuleta sai jikina ya yi sanyi. Wayar da na saro 188,000 ina sayar da ita 200,000, ribata 12,000. In an cire kashi 4, wato 8,000, saura 4,000. A cikin 4,000 ɗin nan zan manna gilashin fuska kyauta, in ba yaro nasa, in sayi man janareta. To wa nake yi wa aiki?

Ni dai ba baƙon bashi ba ne. Ina da wani baƙin littafi a durowa, sunayen da ke ciki rabinsu 'yan unguwarmu ne, akwai wanda in ya hango ni a masallaci sai ya sauya sahu. Shi ya sa ma in wani zai ɗauke mini bin bashi nake ganin kamar sauƙi ne ya zo. Wanda ya taɓa yi don Allah ya faɗa mini gaskiya. Da kuma malamai, don ban san matsayin kuɗin ba.

Na Layin Beirut:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni na yi, ina kan yi, shekara ɗaya da rabi ke nan, kuma ba zan ce maka kar ka yi ba. Kaya suna fita. Wanda ya zo da kuɗin ƙaramar waya sai ka ga ya ɗauki wadda ta ninka ta, tunda abin da ke aljihunsa ya isa kafin alƙalami. Kuma wanda bai cire kuɗi da yawa ba hannunsa a sake yake, zai ƙara da murfi da abin sa wa a kunne da fawa-bank, a nan ake mayar da abin da aka cire.

Lissafinka akwai gyara. Ka tambaye su kashi 4 ɗin a kan me yake, a kan kuɗin waya duka ko a kan abin da su suka biya. In mutum ya ba ka 60,000 a hannu, su 140,000 kawai suka fitar, kashi 4 ɗinsa 5,600 ne ba 8,000 ba. Ni sai da na yi wata biyu kafin na lura a kan duka ake cire mini, kuma yana cikin takardar da na sa wa hannu ban karanta ba. Laifina ne.

Batun kwana biyu kuwa, kwanakin aiki suke nufi. Ka sayar ranar Alhamis da yamma, ka ga alat ranar Litinin, in an yi hutun Sallah kuma sai yadda hali ya yi. Dila kuwa ba ruwansa, shi kuɗinsa yake so kafin ya sake ba ka kaya. In jarinka ba shi da kauri, waya biyar suka fita a haka, za ka wayi gari da kanta babu kaya, asusu babu kuɗi.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ba su gaya maka ba shi ne, mai saye bai san wani kamfani ba, kai ya sani. Wata Asabar ina cin abinci wani mai adaidaita ya faka a bakin layi ya shigo yana huci, ya dangwarar da waya a kan gilashin kantata. Fuskar wayar ba komai sai rubutu cewa ya biya kuɗi a buɗe. Ya rantse ya biya tun jiya, ya nuna mini risit a wayar abokinsa, kuma gaskiyarsa ne, kuɗin ne bai hau ba. Ejan bai zo ba ranar, lambar ofishinsu tana ta ringin. Mutane suka taru. Ba wanda ya ambaci sunan kamfani, abin da na ji kawai shi ne “ai a shagon nan aka cuce shi.” Sai da na ba shi aron ƙaramar waya ya tafi da ita, aka buɗe tasa ranar Litinin. Har yau in ya wuce ba ya gaishe ni.

Kafin ka sa hannu ka nemo wurin da aka rubuta wa ke ɗaukar asara in mutum ya gudu. In ka ga wata magana mai kama da za a iya cirewa daga kuɗinka na gaba, tashi ka ba su hanya. Haka in waya ta zo da matsala daga kwali aka dawo da ita, wa zai soke bashin, kuma kamashon da suka cire zai dawo? Ka kuma duba sunansu a jerin masu ba da bashi ta manhaja da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta yi wa rajista, tun 2022 take wannan bayan rikicin masu tura wa dangin mutum saƙon cin mutunci. Lambobi biyun nan da ake karɓa, a shagonka ake karɓar su, ka san me za a yi da su.

Wani abu kuma, tunda kana sayen na hannu: ka riƙa kula, ana kawo wayoyin da ba a gama biya ba. Za ta yi aiki lafiya kwana goma sannan ta kulle a hannun wanda ka sayar wa.

Hajiyar Kwari:

Ɗana, ni abin ma dariya ya ba ni, wai sabon tsari. Mu a atamfa da leshi tun ina yarinya haka ake yi, dillaliya ta ɗauka ta kai gidaje, a biya ta kaɗan-kaɗan, ta kawo. Bambancin kawai mu ba mu da abin kulle zani.

Ni shawarata ka karɓa. A ƙarshen 2023 na ba da kaya bashi na wata huɗu, mutanen kirki ne, ba wadda ta ci mini ko sisi. Amma kafin su gama biya dala ta haura 1,500, kuɗin da suka dawo mini bai sayi abin da na fitar ba. An biya ni cif, kuma na yi asara. Wanda zai ba ka kuɗinka cikin kwana uku ko huɗu ka sake juya su, ko ya ɗan gutsura, ya fi maka ɗan unguwa mai sauya sahu.

Ɗalibi Mai Neman Sani:

Alhaji, ni ba mai fatawa ba ne, abin da na karanta zan faɗa, ka kai wa malaminka tare da takardar.

Sayar da kaya a biya kaɗan-kaɗan, ko da kuɗin ajali ya fi na hannu, jamhurin malamai sun halatta, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990. Sharaɗi shi ne a tsayar da farashi ɗaya tun a wurin ciniki. A wannan matsayar dai suka ce in mai saye ya yi jinkiri ba a ƙara masa komai a kan bashin, don wannan ƙarin shi ne riba ta haram.

To tambayar da za ka yi wa mutanen nan ita ce: wayar suke saya a wurinka su sayar masa, ko kuɗi suke ranta masa ya saya a wurinka? A ido abu ɗaya ne, a hukunci ba ɗaya ba. Na farko shi ne murabaha, irin wadda bankunan da ba sa kuɗin ruwa kamar Jaiz da TAJ suke yi: kaya su shiga mallakarsu tukuna, sannan su sayar da riba sananniya. Na biyu kuwa rance ne da ya jawo ƙari. Ka duba risit, sunan wa ake rubutawa a matsayin mai saye. Ka tambaya ko akwai tarar jinkiri, kuma ina take tafiya.

Wani zai ce ai kai kuɗin kayanka kawai ka karɓa. Akwai malaman da suke ganin haka. Amma hadisin da Muslim ya ruwaito bai tsaya kan mai ci da mai bayarwa ba, ya haɗa da marubuci da shaidu, kuma kujerar da ake rubutun a shagonka take. Shi ya sa na ce ka tambaya.

Baƙon Riyad:

Ni a shagon turare nake aiki a nan Saudiyya. Kamfanonin biya daga baya irin su Tabby da Tamara sun zama ruwan dare, har alamar su ake mannawa a ƙofa. Tsarin da aka fi yi, a raba kuɗi gida huɗu, mai saye ya biya daidai farashin da ke jikin kaya, mai shago ne ake cire wa. Kusan haka Klarna ta ƙasar Suwidin take yi a Turai. Hujjarsu ita ce sun kawo maka ciniki, sai ka biya. Abin da ya ba ni mamaki a naku, an cire wa mai shago, an kuma ɗora wa mai saye. Baki biyu ke nan. In har suna samu a wurinsa, kai ka matsa a rage naka.

Ɗan Farm Centre:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganar dala ta taɓa ni don ni ma ta ci ni a wancan lokacin.

Jiya na kira yaron kamfanin ya dawo, na ce ya buga mini lissafin wayar 200,000 a wata shida kamar ni ne mai saye. Bayan 60,000 na farko, 31,000 duk wata. Na buga a gabansa: 186,000 a kan 140,000, wato wayar ta tashi 246,000. Na ce wannan 46,000 ɗin sunanta me? Ya ce kuɗin hidima. Na ce in mutum ya yi jinkiri fa? Ya ce akwai ɗan abin da ake ƙarawa, amma bai riƙe adadin ba. Na tambaye shi sunan wa ake sa wa a risit, ya ce na kwastoma. Kamashon kuma a kan duka ne, kamar yadda Na Layin Beirut ya faɗa, sai dai ya ce zai yi magana da manajansa. Yaron kirki ne, shi ma da adadin wayoyin da ya fitar ake biyansa, har ya ba ni tausayi.

Takardar shafi goma sha ɗaya ce da Turanci ƙanana-ƙanana. Na yi hotonta biyu, ɗaya na ba ƙanena da ke karatun lauya a BUK, ɗaya zan kai wa malaminmu bayan karatun Asabar. Na ce wa yaron ya ba ni mako biyu.

Malamin firamaren nan kuwa ya sake zuwa yau da safe, ya ji labari wai zan fara. Na zaunar da shi na nuna masa 246,000 a kalkuleta, ya daɗe yana kallo. Daga ƙarshe muka yi da shi zai riƙa kawo abin da ya samu duk wata ina rubutawa, wayar tana durowa da sunansa a jikin kwali, ranar da ya cika ya ɗauka. Ya ajiye 40,000. Sai bayan ya tafi na tuna ban ce masa komai ba a kan in farashi ya tashi kafin ya gama. Masu irin wannan ajiyar, yaya kuke yi da wannan?